FARAGA AMANA CE: ME MUSULMI ZAI YI IDAN ZAMA YA GUNDURE SHI?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya dare da rana suna bin juna, Ya raba wa bayinSa kwanaki kamar yadda Ya raba musu arziki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, asalin wannan darasi wata tambaya ce da wani matashi ya yi mana a ƙofar masallaci, ranar da muka yi huɗuba a kan zaman fada da ɓarnar da ke cikinsa. Ya jira har jama'a suka ragu, ya durƙusa ya gaishe mu, sa'an nan ya ce: "Allah gafarta malam, mun ji huɗuba, kuma gaskiya kuka faɗa. Amma kun ce mu tashi daga fada, ba ku gaya mana inda za mu je ba. Aikin gona ya ƙare, aikin albashi babu, ɗaki kuma zafi. Mu je ina?" Muka yi shiru, domin a wannan lokaci ba mu da amsar da za ta ƙosar da shi. Da muka koma gida muka yi tunani, sai muka ga yaron yana da gaskiya, kuma wani sashe na laifin yana wuyanmu, mu masu hawa mumbari. Mun iya hani, amma sau da yawa ba mu nuna abin da zai maye gurbin abin da muka hana. To, wannan darasi shi ne amsar da muka yi masa alkawari.

GIRMAN LAMARIN A ƘASARMU

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, mafi yawanmu manoma ne, damina kuwa a wajenmu ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Idan aka yi girbi aka kai damma rumbu, sai rani ya miƙe har zuwa faɗuwar wani ruwan. Waɗansu sukan tafi cin rani Nijeriya ko Abijan ko arewa, waɗansu kuma sukan zauna. Ga ƴan lakwal da dogon hutunsu, ga waɗanda suka ƙare karatu suna riƙe da takarda suna jiran aiki, ga tsofaffin ma'aikata da suka ajiye aiki, ga mata a cikin gida bayan an sauke tukunya. Kuma kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, watau waɗanda wannan matsala za ta tarar nan gaba sun fi waɗanda ta tarar yau.

Mu yi ɗan lissafi. Mutumin da yake zubar da awa 3 kowace rana a zaman da ba shi da amfani, a shekara ya zubar da awa 1,095, watau sama da kwana 45, darensu da yininsu. Da a ce hatsin kwana 45 aka ɗebe masa daga rumbu, da unguwa duka ta ji kukansa.

Imamu Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (R.A.) wani hadisi wanda ya ambaci lafiya da faraga a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa suke ƙwaruwa a kansu. Malamai suka ce kalmar da ta zo a hadisin ta kasuwa ce, ana faɗinta ga wanda ya sayar da hajarsa ƙasa da ƙimarta. Mun san wannan ƙwaruwa sarai: manomin da ya karyar da geronsa da kaka, sa'an nan ya koma yana sayen tiya da tsada a tsakiyar damina. Sai dai shi gero ana iya sake sayensa ko da tsada, amma yinin da ya wuce babu kasuwar da ake samunsa.

GUNDURA BA ZUNUBI BA CE

Kafin mu kawo magani, wajibi ne mu gyara wata fahimta. Waɗansu suna zaton mumini na ƙwarai shi ne wanda ba ya dariya, ba ya wasa, ba ya gajiya da ibada. Sunna ba ta zo da haka ba.

Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) ya kasance yana yi wa mutane wa'azi kowace Alhamis. Wani ya roƙe shi ya riƙa yi kullum, sai ya ƙi, ya bayyana cewa yana gudun kada ya gundure su, kuma haka Annabi (S.A.W.) yake zaɓar musu lokacin wa'azi don gudun ƙosawa. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ku duba: sahabbai ne masu sauraro, Manzon Allah ne mai wa'azi, amma duk da haka an kula da cewa zuciyar ɗan Adam tana ƙosawa.

Haka nan Hanzala (R.A.) ya tsorata har ya zargi kansa da munafunci, saboda ya ga halin da yake ciki a majalisar Annabi (S.A.W.) yana sauyawa idan ya koma cikin matansa da ƴaƴansa da dukiyarsa. Shi da Sayyidina Abubakar suka kai maganar, sai Annabi (S.A.W.) ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa kowane ɗaya daga cikin halayen biyu yana da lokacinsa. Wannan yana cikin Sahihu Muslim. Salmanul Farisi kuma ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i ya ƙaurace wa abinci da barci da iyali saboda nafila, sai ya sa shi ya ci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu.

Ta fuskar wasa kuwa, ya tabbata Annabi (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha (R.A.) har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Ya bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallacinsa, ya tsaya yana kare ta tana kallo har sai da ita da kanta ta gaji. Ya shirya sukuwar dawaki a Madina. To, in mun fahimci wannan, sai mu gane cewa rai yana buƙatar nishaɗi kamar yadda ciki ke buƙatar abinci, kuma wanda bai sami na halal ba, Shaiɗan yana nan da na haram a shirye.

SHARUƊƊA HUƊU

Duk abin da mutum zai ɗebe kewa da shi, to, ya auna shi da waɗannan:

Na farko, kada shi kansa abin ya zama haram, kamar caca da kayan maye da cin naman mutane. Caca sunanta caca, ko da karta aka yi ta, ko a kan dawaki, ko a kan wasan ƙwallo ta cikin waya. Tramol da ire-irensa kuwa mun ga abin da suka yi wa samarin da muka yi wa suna da hannunmu.

Na biyu, kada ya shagaltar daga farilla. Idan ladan ya kira salla, a tashi.

Na uku, kada ya ci haƙƙin wani: kuɗin cefane, ko barcin maƙwabci, ko lokacin iyaye.

Na huɗu, ya kasance da iyaka. Gishiri yana gyara miya, amma ba a yin miyar gishiri zalla.

NA ƊAYA: A GYARA FADA

Mun dawo kan tambayar ɗanmu. Amsarmu gare shi ita ce: ba sai kun tashi ba, amma ku sauya abin da kuke zama a kansa. A cikin fada akwai alheri wanda ba mu musu: kuna taimakon juna ranar biki da ranar rasuwa, kuna raba ɗan abin da kuka samu, kuna tsaron unguwa da dare. Ɓarnarta tana shigowa ne idan zama ya yi tsawo, magana mai amfani ta ƙare, sai a koma kan mutuncin masu wucewa.

Kun fi mu sanin cewa shayi zubi uku ne, kuma tsakanin hura gawayi da zubi na uku awa guda tana wucewa, ko fiye. To, ku ba zubin farko wani abu. Littafin Arba'una na Imamu Nawawi hadisi 42 ne, kuma akwai fassararsa da Hausa a kasuwa. Idan kowane mako ɗayanku ya karanta hadisi ɗaya, kuka yi taɗi a kansa kamar yadda kuke taɗin ƙwallo, kafin shekara ta zagayo kun sauke littafin. Abin da ya shige muku duhu ku kawo mana, ko ku kira mu mu zo, domin mu ma muna shan shayi. Bayan haka ku yi hirarku da dariyarku. Wanda ya yi lakwal a cikinku ya koya wa wanda bai yi ba karatun boko da lissafi, wanda ya yi makarantar allo ya gyara wa sauran Fatiha. Kuma kowace fada ta ɗauki aiki ɗaya a mako: share magudanar ruwa kafin damina, cike rami a hanya, gyaran katangar maƙabarta, ko ɗebo wa tsohuwar da ba ta da kowa ruwa. Iyayenmu da gayya suka yi noma suka gina ɗakuna, kuma da waƙa da raha suke yin ta.

NA BIYU: KARATU

Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8. Mai karanta izu 2 a yini zai sauke kowane wata. Mai haddace sumuni ɗaya a mako, idan ya riƙe wannan tsawon rani guda, zai tarar damina ta same shi da kusan izu 4 a ka. Wanda bai taɓa zama gaban malami ba ya fara da Ahalari ko Ishmawi, waɗanda ƙananan littattafai ne da suke gyara tsarki da salla, sa'an nan Iziyya, sa'an nan Risala. Kada dattijo ya ji kunya, gemu ba ya hana ilimi.

Shi Imamu Nawawi da muka ambata ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira yana da shekara 45 kacal, amma ya bar Riyadus Salihina da sharhin Sahihu Muslim da waɗansu da yawa. An ruwaito cewa a lokacin ɗalibtarsa darasi 12 yake ɗauka a yini. Duk sa'ad da muka tuna shekarunsa muka dubi namu, sai kunya ta kama mu. Imamu Sarkhasi kuwa, babban malamin Hanafiyya na ƙarni na biyar, mai mulki ya tsare shi shekaru masu yawa. Wane zama ya kai na kurkuku gundura? Amma daga nan ya riƙa yi wa ɗalibansa shifta suna rubutawa, har aka sami littafin Mabsuɗ, wanda aka buga a juzu'i 30.

Wannan kira ya haɗa da mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya yi faɗa da mazan da suke barin matansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta shirya Ƴan Taru, ta riƙa aika jajoji ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Saboda haka idan matan gida huɗu ko biyar suka haɗu tsakanin azahar da la'asar wajen wadda ta fi su karatu, sunnar magabata suka raya, kuma mijin da ya hana matarsa wannan, bai kuma koya mata da kansa ba, ya shirya amsar da zai bayar.

Kuma kada a taƙaita karatu ga fiƙihu. Tarihin Annabawa da sahabbai, tarihin Katsina da Gobir da Damagaram da Adar, littattafan noma da kiwo da kiwon lafiya, duk abinci ne ga hankali, kuma da daɗi.

NA UKU: HAƘƘIN JIKI

Yawan zama yana kawo kasala, kasala kuma tana kawo baƙin rai. Samari su yi gudu da sassafe, su yi ƙwallo bayan la'asar, yara su yi langa. Kokowa gadonmu ce: a 1975 aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka, kuma har yau babu wasan da ke tara ƴan Nijar kamarta. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin kokowar Annabi (S.A.W.) da Rukana. Abin da muke ja wa ƴan kokowa kunne a kai shi ne su rufe al'aura, su bar tsafi da dogaro ga boka, ƴan kallo kuma su bar sa kuɗi. Dara, wadda dattawa ke yi a gindin itace, malamai sun yi saɓani a kan irinta, amma babu saɓani cewa idan kuɗi ya shiga, ko rantsuwar ƙarya, ko aka bar salla ta wuce, to, ta haramta. Dattawa kuma su riƙa tattaki. Tafiya masallaci da ƙasa sau biyar lada ce, kuma likitoci suna umurtar masu hawan jini da ciwon sukari da yawan tafiya.

NA HUƊU: AIKIN HANNU DA ƘASA

Hausawa suka ce da zaman banza gara aikin kishiya. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa jama'a a kan noman rani, kuma waɗanda suka riƙe shi ba su yi nadama ba. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen bakin teku, zogalar Jiratawa tana cika kasuwar Maradi, garakar Mirya tana ciyar da Damagaram. Wanda ba shi da fadama yana da bayan ɗaki. Kwari biyu na tumatir da yakuwa, da gindin zogala uku, ruwan wanke hatsi da na alwala ya ishe su. Masallatanmu nawa ne ruwan alwalarsu ke kwarara kan hanya yana zama caɓi, alhali zai iya rayar da itatuwa goma?

Tun daga shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, suna rage shi suna kula da shi, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili kimanin eka miliyan 5, irin eka ta mita dubu goma. Ba da injin aka yi wannan ba, da wuƙa da gatari da haƙuri aka yi shi, a lokacin da gona ba ta da wani aiki. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Saboda haka kada dashen itace ya tsaya ga ranar 3 ga Agusta kaɗai.

Sana'a kuma ba ta da iyaka: ɗinki, dukanci, saƙar tabarma da faifai, gyaran babur, gyaran waya, haɗa wutar hasken rana, kiwon jar akuya ko turkar rago don layya. Wata shida na rani sun isa yaro mai himma ya kama hanyar ɗaya daga ciki. Akwai daɗi a cikin kallon abin da hannunka ya yi, wanda mai zaman kashe wando bai san shi ba.

NA BIYAR: IYALI DA ZUMUNCI

Abin mamaki ne magidanci ya ce zama ya ishe shi, alhali ƴaƴansa ba su san dariyarsa ba. Ku koma gida bayan isha'i. Ku ba yara labarin Annabi Yusufu da na Annabi Musa, ku yi musu kacici-kacici, ku bar kakarsu ta yi musu tatsuniya mai darasi. Annabi (S.A.W.) yana taya iyalinsa aikin gida, yana wasa da jikokinsa Hasan da Husaini. Zumunta kuma a ƙafa take: ku ware yini ɗaya a mako don gaida dangi, da duba maras lafiya a gida ko a likita. Ku zauna da tsofaffin gidanku ku tambaye su asalinku da garin da kakanninku suka fito, domin ranar da suka tafi, wannan ilimi ya tafi tare da su.

NA SHIDA: WAYAR SALULA

Ba mu ce a jefar da ita ba. A cikinta akwai karatun manyan alarammomi, da tafsiri, da darussan sana'a, kuma da ita za ka iya naɗar muryar kakanka yana ba da tarihi. Amma ita ce ɓarauniyar lokaci da ba a taɓa ganin irinta ba, domin waɗanda suka ƙera TikTok da Facebook sun gina su ne a kan kada ka ajiye: wannan hoto yana ƙarewa wani ya taso. Mutum zai kwanta da ita bayan isha'i, bai farga ba sai dare ya raba, asuba ta kuɓuce, ga kuɗin intanet jaka bayan jaka. Kuma mai yawan kallon nan ba ya tashi da natsuwa, sai ƙarin ƙunci da hangen abin hannun mutane. Ka yanka mata lokaci, ka san abin da ka shiga nema kafin ka shiga, ka ajiye ta wajen cin abinci da cikin masallaci, kuma kada ka tura labarin da ba ka tabbatar ba a WhatsApp, domin gulma da yatsa gulma ce.

NAUYIN DA KE KANMU

Ba daidai ba ne mu ɗora wa samari kaya duka. Kwamitin kowane masallaci ya nemi akwati ko kanta ya zuba littattafan aro. Limamai mu buɗe zaure tsakanin magariba da isha'i, mu taƙaita darasi, mu saki fuska. Masu sana'a kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu. Mai filin da ba ya nomawa da rani ya ara wa fadar unguwarsu, mai hali ya haƙa musu rijiya ko ya saya musu ƙwallo. Iyaye kuma ku san inda ɗanku yake yini da waɗanda yake yini da su, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Wanda ya karanta wannan darasi kada ya ce zai ɗauki duka gaba ɗaya, domin zai gaji ya watsar. Ya zaɓi abu biyu, ɗaya na lahira ɗaya na duniya, ya sa musu lokaci sananne, ya nemi abokin da zai riƙa tuna masa, ya fara a wannan mako. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kamar yadda ya tabbata daga Nana A'isha (R.A.). Ku dubi gawo a gonakinku: lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe ganye, a tsakiyar rani, shi a lokacin yake kore, dabbobi suna cin ƴaƴansa, matafiyi yana hutawa a inuwarsa. Haka muke fata raninku ya zama.

Allah Ya sanya albarka a cikin kwanakinmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya buɗa wa samarinmu ƙofofin halal, Ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare mu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.